Na Kai Wayar Malam Haruna Awo Ƙasar Gana

Tun da na dawo ban huta ba. Duk wanda ya kawo mani gyaran waya sai ya ja benci ya zauna, wai sai na ba shi labarin Gana. Shekaranjiya mai shayin bakin tasha ya riƙe gwangwanin madara a sama, ya ce ba zai zuba mani ba sai na faɗa mashi ko da gaske ne can ana rawa a gidan mutuwa. Kuma na lura labarin ya fara yin rassa. A Bakori an ce tsare ni aka yi a boda kwana uku, a Ƙafur kuwa wai aure na je nema. To ga shi nan yadda ya faru, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Sunana Sanusi, gyaran waya nake yi a Malumfashi. Ban da gyara ina ɗan yin bidiyo da Hausa ina sharhin sababbin wayoyi, wannan batirinta na jimawa, waccan hotonta ya fi kyau. Mutane na kallo, ni kuma kaina ya ɗan kumbura. Gaskiyar magana, rabin abin da nake faɗi daga intanet nake kwaso shi. In karanta abin da masu sharhi na waje suka rubuta, in juya shi da Hausa, in ƙara gishiri.

Gab da faɗuwar damina Malam Haruna na Dayi ya zo shagona. Aminin marigayi babana Malam Garba ne, shi ya yi mani walicci da zan yi aure, kuma shi ne shugaban ƙungiyar manoman masara ta garinsu. Ya ce wani kamfanin iri ya ɗauke su, za a riƙa turo masu hotunan tsutsa da cututtukan ganye ta waya, su ma su riƙa ɗaukar gonakinsu suna turawa. Abu ɗaya ya roƙe ni, in zaɓa masu wayar da ake ganin fuskarta a cikin rana, don manomi ba a ɗaki yake aiki ba. Na buɗe intanet, na nuna mashi wata waya da lambar haskenta, wadda aka rubuta a kwali kuma duk masu sharhi suka maimaita. Na bugi ƙirji na ce ko rana na tsakiyar ka sai ya ƙirga ƙafafun tsutsa. Malam ya koma Dayi ya tsaya gaban mutanensa ya ce ɗan Malam Garba ba ya ƙarya. Suka haɗa hannu aka sayo wayoyin a Funtuwa. Ni na saita masu, kuma don in yi masu gyara kamar yadda ake yi wa mai sayen hatsi, na manna wa kowace gilashin kariya kyauta, mai tsadar ma, baƙin nan da samari ke rububi.

Masara na kai gwiwa tsutsa ta faɗo. Aka fiddo wayoyi a gona, ba abin da mutum ke gani sai fuskarsa da hularsa. Sai an gudu gindin bishiya, nan ma wanda ya riƙe ta ne kawai ke ɗan gani. Alhaji Lawal mai tarakta, wanda dama bakinsa ba ya da linzami, ya fara cewa jabu muka sayo, ni da Malam muka raba abin da ya yi saura. Magana ta yi ta yawo har aka sa ranar taro a ƙarshen wata don a sauke Malam daga shugabanci. Malam bai taɓa ce mani uffan a kan maganar ba. Sai dai na ji ya daina fita majalisa, daga masallaci sai gida. Wannan ya fi zagi yi mani ciwo.

Ni addu'ata ɗaya ce, Allah ya sa wayoyin jabu ne, laifi ya koma kan dilan da ya sayar masu da su. Dila ya rantse har da cire hula. Na je Kano, kowa sai ya juya wayar ya ƙwanƙwasa bayanta ya ce orijina ce, amma ba mai abin da zai auna hasken. A cikin duk waɗanda na tura wa saƙo, mutum ɗaya ce ta amsa, wata mata a Ankara, babban birnin Gana, mai suna Efua, wadda na sha ganin bidiyonta tana ɗora wata 'yar na'ura a fuskar waya tana karanta lamba. Ta ce in kawo ta auna mani. Da na faɗa wa Inna, maimakon ta hana ni sai ta hau murna, don ƙaninta Kawu Idi ya fi shekara talatin a can ba wanda ya je ya gano shi. Kafin in gama neman katin rigakafi ta ɗaure mani kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Malam kuma ya ba ni tasa wayar, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

A Funtuwa na hau babbar bas ta Legas da hantsi. Kujerar kusa da ni wata mata ce 'yar kudu, da jakunkuna har kan cinyata. Na kira matata ina mita da Hausa, wai an haɗa ni da wata ta cinye mani rabin kujera. Ina kashe waya matar ta juyo ta ce, "Malam, in kujerar ta yi maka kaɗan ka hau bisa kaya, can akwai iska." Da Hausar Funtuwa tsantsa, wallahi ta fi tawa daɗi. Na rasa inda zan sa kaina. Sunanta Ngozi, a Funtuwa aka haife ta, babanta kayan gyaran mota yake sayarwa, ita kuma atamfa take sarowa a Kwatano. Kafin mu kai Kaduna mun raba rake, kafin mu kai Legas ta san labarin Malam Haruna kaf.

Tafiyar Legas ba ta da wani labari sai ciwon baya. Mun isa washegari, na sauka a Agege wajen wasu 'yan goro da Ngozi ta haɗa ni da su. Ɗaki ɗaya mu bakwai, fanka na juyawa kamar ba ta so, sauro kuwa ko kunyar baƙo ba ya ji. Amma sun ba ni tuwon shinkafa da miyar taushe, suka hana ni sa hannu a aljihu. Da safe Ngozi ta zo muka kama hanyar boda.

A bodar shiga Benin aka ce in buɗe jaka. Ina zuge zif warin daddawa ya daki ma'aikacin, ya ja da baya. Ashe ƙullin kukar Inna ya fashe a hanya, rigunana sun zama kore, wayar Malam da na naɗe a tsakiya ita ma ta sha kuka har cikin ramin caja. Mutumin ya hau tambaya da Faransanci, ni kuma ina ta cewa miya ce, miya. Ngozi ce ta shiga tsakani. Ya lakato garin da yatsa ya sunsuna, sai ya yi dariya, ashe shi ma ɗan arewacin ƙasarsu ne, da miyar kuka ya girma. Ya buga mani hatimi ya ce in gaida mai daddawar. Lallai da ɗan gari akan ci gari.

Kwatano garin babura ne. 'Yan acaba duk da riga ruwan ɗorawa mai lamba a baya, mata kuma na tuƙa nasu da yaro a goye, ba mai ko waiwayensu. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa ya kusa fasa mani dasashi. A tasha muka rabu da Ngozi. Ta sa ni a motar Lome, ta ja wa direba kunne, sannan ta ce mani in har waya ta fito jabu in kira ta mu je wajen dilan nan tare, ita ta san yadda ake magana da irinsu.

Ƙasar Togo kuwa ban gama gyara zama ba muka ƙure ta. Abin da na riƙe kawai shi ne teku, wadda ban taɓa gani ido da ido ba, da agogon wayata da ya koma baya da awa ɗaya shi kaɗai. Na ɗauka lalacewa ta yi, har na fara tunanin buɗe ta, ni mai gyara, sai wani ɗan Nijar da ke bayana ya ce lokacinsu ne haka. Bodar Gana a cikin garin Lome take, ka taka da ƙafa daga wannan kasuwa ka faɗa waccan.

Kawu Idi na jirana a tashar Ankara. Ban taɓa ganinsa ba sai a hoto, amma goshin Inna ne sak. Mahauci ne, a unguwar Nima yake, inda za ka ji Hausa ta ko'ina, sai dai Hausa ce da ta sha ruwan teku, sai ka kasa kunne sosai. Da na miƙa mashi abin da ya tsira na saƙon Inna, ya kwance ƙullin daddawa ya kai hanci. Na ga hawaye na bin gemunsa. Ranar matarsa ta yi tuwo, ya ci malmala uku yana tambayata mutanen da rabinsu sun rasu.

Abinci kam na ci. Da safe koko da ƙosai, kuma ko waɗanda ba sa jin Hausa da sunan Hausa suke kiransu, abin ya yi mani daɗi. Sai wake da shinkafa da suke zubawa a ganye, jajir, a ɗora taliya da ƙwai da wani baƙin yaji mai kifi. Na tambayi abin da ke sa shi ja, matar Kawu ta nuno mani, ashe karan dafi ne, wanda a wajenmu dukawa ke rina fata da shi. Wanda ya kayar da ni shi ne dokunu. Masara ce, tamu ta gado, amma an bar ta ta yi tsami an naɗe a ɓawonta an dafa. Loma biyu na yi na ce Alhamdulillahi. Kawu ya ce shi ma sai da ya shekara kafin ya saba, yanzu kuwa in bai ci ba ba ya jin ya ƙoshi.

Maganar rawa a gidan mutuwa kuma, mai shayi, gaskiya ce. Ranar Asabar na ga an toshe titi da rumfuna, mutane cikin baƙi da ja, ga hoton mamaci ƙato, ga kiɗa. Na ɗauka biki ne. Kawu ya ce mutumin ya yi watanni da rasuwa, ajiye shi aka yi sai dangi sun taru. Na ce mu da ke sallar gawa kafin rana ta karkata, wannan ai sai su. Kawu ya ce in iya bakina, mamacin maƙwabcinsa ne, kuma ranar da shi Kawu ya yi rashin ɗansa mutumin nan ne ya fara zuwa ya zauna da shi har kwana uku. Ya ja ni muka shiga gaisuwa. Na miƙa hannu ga wanda na ga ya fi furfura, Kawu ya fizgo ni, ashe daga dama ake farawa a bi layi, babba ko yaro.

Ranar Litinin muka je wajen Efua, da Kawu, don Turancina da nasu ba sa jituwa sosai. Ɗakinta a saman wani shagon buga takardu yake. Mace ce mai kimanin shekara arba'in, ba ta da yawan magana, a shagon gyaran talabijin na babanta ta koyi aiki. Ta karɓi wayar, ta ga koren gari a ramin caja, ta dube ni. Kawu ya yi mata bayani, ta yi dariya ta ɗauko buroshi. Daga nan ta duba lambobin jikin wayar, ta haɗa ta da kwamfuta, ta ce wayar nan ba jabu ba ce, ta kamfani ce gangariya. Duk hanyar nan da na sha, wannan ce amsar da ban so ji ba.

Ta ja labule ɗakin ya yi duhu, ta ɗauko na'urar, 'yar ƙarama kamar gwangwanin tumatir mai igiya. Har za ta ɗora, sai ta karkata wayar gefe, ta sake miƙe ta, ta sa farce a bakin gilashin.

Ta ce, "Wa ya manna wannan?"

Na so in ce haka aka sayo ta. Kawu na kallona. Na ce ni ne.

Ta auna da gilashin, ta rubuta. Ta ɓare shi ta sake aunawa, lambar ta yi tsalle sama. Ta ce wannan baƙin gilashi an yi shi ne don na kusa da kai kada ya leƙa saƙonka, kuma yana shanye haske mai yawa. A inuwar shago ba za ka lura ba. Sai ga hoton mutanen Dayi a idona, yadda suke haɗa kai su biyar shida a kan waya ɗaya. Ni da hannuna na manna masu abin da ke hana na gefe gani, kuma har ina jiran a gode mani. Na tsallake boda uku don a ɓare mani gilashi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Amma ba ta tsaya nan ba. Ta sa fuskar wayar ta yi baƙi, sai ɗan farin ɗigo kamar ƙwayar gyaɗa a tsakiya, ta ɗora na'urar a kansa. Lambar ta hau har ta kusa ta jikin kwali. Sannan ta sa fuskar duka ta yi fari, lambar ta sauko sosai. Muka hau rufin bene, ta ajiye wayar a rana muka ɗan yi hira, da ta yi zafi sai ta rage haskenta da kanta, lambar ta ƙara faɗuwa. Ta ce kamfani bai yi ƙarya ba, amma a ɗan ɗigon nan ya auna, na ɗan lokaci, a ɗaki mai sanyi. Masu sharhi da yawa kuma ba su da na'ura, daga kwali suke kwafa, wasu su kwafa daga gare su. Ba ta ce irina ba, amma na ji a jikina. Kawu ya gyaɗa kai ya ce ya gane, tsokar saman tire ce, kowane mahauci ya san ta. Duk awon nan na ɗauke shi a bidiyo da wayata, kuma Efua ta ƙi karɓar komai, ta ce in dai zan nuna wa manoman ya ishe ta.

A hanyar gida Kawu ya ba ni shawara, kuma don yana ƙaunata ya ba ni. Ya ce in nuna masu wajen ɗigon da wajen rana kawai, laifi ya tafi kan kamfani. Gilashin kuma in bi su ɗaya bayan ɗaya in ce zan yi wa wayoyin sabis, in ɓare abina shiru. Ba wanda zai sani, sana'ata ta tsira. Wallahi shawarar ta zauna mani. Na riƙe ta daga Ankara har Legas, daga Legas har Zariya. Sai da muka doshi Funtuwa na fara ganin gonakin masara, sannan maganar Malam ta dawo mani, ɗan Malam Garba ba ya ƙarya. A kan wannan kalma ake neman wulaƙanta shi. In na ɓoye, to Alhaji Lawal ya yi gaskiya ke nan, ko da bai san ta inda ya yi ta ba.

Na iso saura kwana biyu taro. Na roƙi a yi shi a bakin gonar Malam da rana tsaka, ba a zaure ba. Suka zo suna mita saboda zafi. Na nuna masu bidiyon daga farko har ƙarshe a gindin ɗorawa, ban yanke komai ba. Sannan na ce Alhaji Lawal ya ba ni tasa wayar. Ya miƙo yana hararata. Muka fita cikin rana, na buɗe hoton tsutsa, na sa farce na ɓare gilashin a gabansu. Kawunan mutane suka haɗu a kanta. Wani daga gefe ya ce ga ta nan, har da ɗigon bayanta.

Na ce, "Wayoyinku ba jabu ba ne, Malam bai ci ko kwabo ba. Baƙin gilashin nan ni na manna, shi ya fi cutarku. Kuma ko babu shi, wayar ba ta kai yadda na faɗa ba, in rana ta take sai kun kare ta da hula. Lamba na karanta, ban taɓa fita da ita rana na gwada ba. Malam ya yarda da ni ne kawai. In akwai wanda za a sauke, ni ne."

Sai wani tsoho ya tambaya ko da gaske sai da na je Gana kafin in san a ɓare gilashi. Na ce da gaske. Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki, ni ma na yi, don abin dariyar ne. Aka yi layi kowa na miƙo tasa ina ɓarewa. Alhaji Lawal bai yi dariya ba. Ya daɗe yana juya wayarsa, sannan ya ce mani a hankali, da na yi shiru ba mai ganewa. Na ce na sani, Alhaji.

Maganar sauke shugaba ba wanda ya tayar da ita, kuma ba wanda ya ce an janye ta. Malam na zaune a kan buhu, kansa a ƙasa. Azahar ta yi, aka zagaya da buta, aka shimfiɗa buhuna a inuwa, sahu ya daidaita. Gaba ba kowa. Malam ya tsaya a ƙarshen sahu, kowa na kallon ƙasa. Sai Alhaji Lawal ya fita daga wurinsa, ya taka har inda yake, ya cire rawanin da ke kafaɗarsa ya shimfiɗa a gaba.

Ya ce, "Malam, lokaci na wucewa. Shiga ka ja mu."

Malam ya gyara hularsa ya wuce. Ya yi kabbara muka bi shi. Ni ina sahun baya, ban iya ɗaga kaina ba har aka sallame.